Yadda Ake Sauƙaƙa wa Masu Ziyartar Shafi Sauke Manhaja

Yawancin masu gina shafin sauke manhaja a karon farko jera fayiloli suke yi kamar kayan kanti, na Windows da na Mac da na Android, tsoho da sabo, su bar mai ziyara yana laluben wanda ya dace da na'urarsa. Ka fara da kawar da wannan jeri. Kowace burauza tana aiko da bayanin da ake kira User-Agent, wanda ke nuna irin na'urar da aka shigo da ita, don haka ka sa shafin ya karanta shi ya fito da babban maballi guda: fayil ɗin girkawa na exe ga mai Windows, na dmg ga mai Mac, na apk ga mai Android. Sauran fayilolin ka ajiye su a ƙasa da ƙaramin rubutu, domin hasashen yakan kuskure, musamman tun 2020 da Apple ya fara fitar da kwamfutoci masu kwakwalwar sarrafawa (processor) ta M1 bayan masu ta Intel, waɗanda User-Agent ba ya bambanta su.

A jikin maballin ka rubuta lambar sigar da nauyin fayil ɗin, saboda wanda ya sayi datar kwana ɗaya ya kamata ya san ko megabayit 30 zai kashe ko 300 kafin ya danna. Fom ɗin neman imel kuwa ba shi da gurbi a gaban maballi.

Matakin da ya fi ba ni wahala shi ne ci gaba da saukewa bayan yankewar netwok. Na taɓa sa fayil ya bi ta wani ɗan shiri da na rubuta don ƙidaya masu saukewa, ban lura cewa shirin ba ya amsa buƙatar Range ba, wato buƙatar da burauza ke aikawa tana neman ragowar fayil daga inda ta tsaya. Sai wani ya turo mini hoton wayarsa: saukewa ta kai kashi 92, netwok ya ɗauke, komai ya koma sifili, datarsa kuma ta tafi. Maganin shi ne ka bar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta miƙa fayil ɗin kai tsaye, ka duba cewa amsarta na ɗauke da Accept-Ranges da Content-Length (bayanan da ke nuna cewa tana karɓar buƙatar Range da kuma girman fayil ɗin), sannan ka gwada da hannunka: ka fara saukewa a waya, ka kashe data a tsakiya, ka kunna, ka ga ko za ta ɗora daga inda ta tsaya. Idan ƙidayar ta dame ka, kana iya samo ta daga rajistar sabar ba tare da kashe ko sisi ba.

Adireshin fayil ɗin ya zama na HTTPS, wato mai tsaro da ke farawa da https://, domin Chrome yana toshe wanda ba haka ba idan shafin kansa na HTTPS ne. Ka sa wa fayil ɗin Windows sa hannun dijital don rage gargaɗin SmartScreen, wato tsarin tsaron Windows da ke gargaɗi kan fayilolin da bai sani ba, ko da yake sai an biya kuɗi kafin a samu takardar shaidar da ake sa hannun da ita. Ga masu Android kuma, ka sa hoto ɗaya da ke nuna inda za su ba burauzarsu izinin girka apk, tunda daga Android 8 kowace manhaja izininta daban ne.