Yadda za ka tantance labari kafin ka buga shi

Duk wanda ke harkar labarai a Jos ya san abin da post ɗaya zai iya jawowa. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barkin Ladi, hotuna masu tada hankali sun cika Facebook, daga baya binciken BBC Africa Eye ya gano ɗaya daga cikin bidiyon a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012, amma kafin a gano haka an riga an tare mutane a hanya an kashe su. Shi ya sa ni dai ban ɗaukar tantancewa da wasa.

Fara da tambayar wanda ya kawo maka labarin, kai ganau ne ko jiyau? In ya ce ai a group ya gani, to aiki bai ma fara ba. Bi shi baya-baya har ka kai ga wanda yake wurin, ka kira shi a waya, ka tambaye shi a ina yake tsaye, ƙarfe nawa, me ya gani da idonsa me kuma aka gaya masa, don mutane na haɗa biyun ba tare da sun lura ba, musamman in suna cikin firgici. Sai ka nemi mutum na biyu wanda bai san na farkon ba. Mutum uku da duk daga bakin mutum ɗaya suka ji, majiya ɗaya ce fa.

Hoto kuwa, saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa a baya. Bidiyo ne, yi sikirinshot na wurare biyu-uku ka bincika su. Sannan ka zuƙo hoton ka duba da kyau: lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, yaren da ake yi a bayan fage. An ce maka a Terminus, tsakiyar garin Jos, aka ɗauke shi cikin Janairu amma ga ciyawa kore shar, ƙasa jiƙe da ruwan sama, babu hazon hunturu ko kaɗan? Ajiye shi. Leƙa shafukan masu tantance gaskiyar labarai irin su Dubawa ko Africa Check ma, wataƙila sun riga sun bi ta kansa.

Wanda ake zargi, dole ka ji ta bakinsa. Bai ɗauki waya ba, tura masa saƙo, ka rubuta a labarin cewa ka nema.

Inda aka fi zamewa shi ne adadin mamata. Kakakin 'yan sanda zai faɗi nasa, shugabannin al'umma su faɗi nasu, sau da yawa da tazara mai yawa. Kar ka zaɓi wanda ya fi yawa don a yi ta sharing, kar kuma ka raba tsakiya. Kawo kowanne da sunan wanda ya faɗe shi da lokacin da ya faɗa, in da hali ka je asibitin da aka kai waɗanda suka jikkata ka tambaya da kanka.