Yadda Kamfani Zai Riƙa Biyan VAT da Sauran Harajin da Ba na Riba Ba a Najeriya

In an ce haraji, hankalin masu kamfani da yawa kan na riba yake tafiya, wanda ake lissafawa sau ɗaya a shekara. A ganina, wanda ya fi jefa ɗan kasuwa cikin rigima da hukuma shi ne ɗaya ɓangaren: VAT (harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima), kuɗin fito na kwastam, harajin kan sarki, kason fansho, da 'yan kuɗaɗen jiha da na ƙaramar hukuma. Waɗannan ba ruwansu da ka ci riba ko ka faɗi. Da zarar an yi ciniki, ko kaya sun shigo, ko an biya albashi, sun hau kanka. Babbansu kuwa, wato VAT, ba ma daga aljihunka yake fita ba. Kuɗin mai saye ne ka karɓa a madadin gwamnati, kamar yadda uwar adashi ke riƙe zubin mutane: yana hannunta, amma ba nata ba ne, kuma ranar kwasa sananniya ce.

An fara karɓar VAT a Najeriya a watan Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyun da suka shafi lissafin haraji da yadda ake biyansa suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS, VAT ya tsaya a kan kashi 7.5, amma abubuwa da dama a cikin lissafinsa sun sauya. Wanda ke aiki da abin da ya sani tun shekarun baya, yana iya barin kuɗinsa a hannun gwamnati bai sani ba.

Mataki na farko: ka san matsayin kamfaninka

Ka fara da lambar haraji. Babu ita, babu cike takarda, babu kwangilar gwamnati, kuma manyan kamfanoni ba za su so sayen kaya a wurinka ba. A sabon tsari, lambar rajistar kamfani ta hukumar CAC ita ake ɗaura lambar harajin a kanta, don haka ka tabbata sunan da adireshin da ke CAC sun yi daidai da na banki da na kan rasit ɗinka.

Sai ka duba girman cinikinka na shekara. A da, wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 ba an ɗauke masa karɓar VAT da cike takardarsa. Sabuwar doka ta ɗaga iyakar ƙaramar sana'a zuwa cinikin naira miliyan 100, in kuma kadarorin aikin ba su wuce naira miliyan 250 ba. Masu aikin ƙwararru irin su lauyoyi da akantoci ba sa shiga wannan sassauci. Ka lura, ciniki ake kallo, ba riba ba. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko mai sarin sabulu da omo a Singa yana iya wuce miliyan 100 cikin 'yan watanni, ko da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Mataki na biyu: ka raba kayanka kashi uku

A nan ne ya kamata ka zauna da akantanka ku bi jerin kayan ɗaya bayan ɗaya. Akwai kayan da ake ɗora wa kashi 7.5, kuma su ne mafi yawa: kayan roba, tufafi, siminti, kayan gyaran mota, aikin gyara, aikin buga takardu. Akwai waɗanda harajinsu sifiri ne: kayan abinci na yau da kullum, magunguna, littattafan makaranta, takin zamani, irin shuka, dabbobi masu rai kamar shanu da awaki da kaji, da kayan da aka fitar waje in ban da man fetur da gas. Akwai kuma waɗanda aka cire daga VAT ɗungurungum, kamar fili da gini da motar haya ta fasinja.

A wurin mai saye, kashi na biyu da na uku duk ɗaya ne, don ba a ƙara masa ko sisi. A wurin mai kamfani kuwa bambancin na kuɗi ne sosai. Wanda kayansa ke kan sifiri yana da haƙƙin neman a mayar masa da VAT ɗin da ya biya wajen sayen kayan aiki. Wanda kayansa aka cire, wannan VAT ɗin ya zama tsadar aiki, ya tafi ke nan. Ɗauki mai casar shinkafa a Kura ko Haɗeja. Ba zai ɗora VAT a kan buhun shinkafa ba, amma ya biya VAT lokacin da ya sayi buhunan zubawa, da kayan gyaran inji, da aikin mai gyara. A da, kayan abinci suna cikin waɗanda aka cire, don haka ba shi da hanyar dawo da komai. Yanzu da suka koma sifiri, yana da hanyar. Sai dai fa hanyar ta wanda ya yi rajista, yake cike takarda, yake kuma ajiye rasit ce.

Mataki na uku: rasit

Kowane ciniki a ba shi rasit mai lamba a jere, da kwanan wata, da sunan kamfaninka da lambar harajinka, da sunan mai saye, da bayanin kaya, da farashi, sannan VAT a layinsa daban. Kada ka cusa shi cikin farashi ka yi shiru. Kwastoman da shi ma kamfani ne yana buƙatar ganin wannan layin don ya cire shi a nasa lissafin.

A kasuwanninmu farashi ɗaya ake yankewa, ba wanda ke cewa kaza da haraji kaza. In haka ka sayar, to harajin na cikin kuɗin, kuma ga yadda za ka fito da shi: ka raba kuɗin gida 43, ka ɗauki uku. Kayan da ka sayar naira 10,750, VAT ɗin da ke ciki naira 750 ne, naka 10,000. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki kashi 7.5 na dukan 10,750, sai mutum ya biya fiye da abin da ke kansa.

Hukumar ta kuma fara tsarin rasit na intanet, inda ake shigar da kowane ciniki cikin na'urarta a lokacin da aka yi shi. An fara da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a 2025, kuma za a bi sauran daki-daki. Gara ka saba da rubuta rasit a kwamfuta tun yanzu.

Mataki na huɗu: ware kuɗin

Wannan ba doka ce ta ce ba, shawarata ce, kuma ita na fi nacewa a kai. Buɗe asusu na daban a banki. Duk ƙarshen mako a lissafa VAT ɗin da aka karɓa a tura shi can. Kada ka sayi kaya da shi, kada ka ranta wa kowa, kada ka ce zan juya shi sau ɗaya kafin wata ya ƙare. Jarin da ya shiga kaya ba ya fitowa ranar da kake so, kuma mafi yawan bashin harajin da ke durƙusar da kamfani daga nan yake farawa: wata ɗaya an juya, wata biyu an jinkirta, kafin a ankara tara da kuɗin ruwa sun hau kai.

Mataki na biyar: lissafin ƙarshen wata

Bari mu ɗauki misali da kamfanin da ke yin bokitai da robobi a Sharaɗa. A wata guda ya sayi ɗanyen kayan roba na naira miliyan 8, ya biya VAT 600,000 a kai. Ya sayar da bokitai na naira miliyan 14, ya karɓi VAT 1,050,000. Abin da zai miƙa wa hukuma shi ne ratar da ke tsakani, naira 450,000.

To a ce a wannan watan ya sayi sabon inji na naira miliyan 4, ya biya VAT 300,000. A tsohuwar doka ba zai cire wannan ba, don abin da aka yarda a cire shi ne VAT na kayan da aka saya don sayarwa ko don sarrafawa kai tsaye. Sabuwar doka ta buɗe ƙofar ga injuna da sauran kadarorin aiki da kuma hidimomi. Ke nan 450,000 ta koma 150,000. In abin da ka biya ya fi abin da ka karɓa, sai a ajiye maka rarar zuwa wata na gaba ko ka nemi a mayar maka. Idan kana sayar da kaya gauraye, wasu masu VAT wasu waɗanda aka cire, to kason da ya shafi masu VAT kaɗai za ka cire.

Duk wannan a kan rasit ya rataya. Ɗan'uwa, in ka sayi kaya a wurin wanda ya rubuta maka adadi a bayan kwalin sigari, ko ya ce ai mun saba ba sai da takarda ba, to ranar da masu bincike suka zo ba su san sabo ba. Za su soke abin da ka cire su ce ka biya. Wani lokaci sayen da ya fi tsada kaɗan a wurin mai cikakken rasit ya fi araha a ƙarshe.

Mataki na shida: cikewa da biya

Wa'adin shi ne ranar 21 ga watan da ya biyo baya. VAT na Maris, kafin 21 ga Afrilu ta wuce. Tun 2021, da aka kawo manhajar TaxPro-Max, cikewa ta koma intanet, biya kuma ta banki. Ko ba ka yi cinikin komai ba a watan, ka cike ka nuna babu. Tarar rashin cikewa a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane watan da ya biyo, ban da abin da zai hau kan kuɗin da ba a biya ba.

Masu kwangila da ma'aikatun gwamnati, su ba a ba su VAT a hannu. Wanda ya ba da aikin ne ke cirewa ya kai wa hukuma da kansa. Ka bi sawu ka karɓi shaidar cewa an kai, ka haɗa ta da takardunka na watan, don kada a sake nemanka da kuɗin da ba su taɓa shiga asusunka ba.

Idan kana shigo da kaya

Kafin a yi lodi a can, ka buɗe Form M, wato takardar bayanin kayan da za ka shigo da su, ta bankinka, daga baya kwastam su fitar da takardar PAAR mai nuna ajin kayan da kimarsu. Najeriya na bin jadawalin kuɗin fito na ECOWAS mai hawa biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35. Ana lissafa shi a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi, sannan a ɗora VAT a kan jimillar har da kuɗin fiton. Kayan da suka tsaya naira miliyan 20 a bakin tasha, masu kuɗin fito kashi 5, sun zama miliyan 21, VAT ɗinsu 1,575,000 tun kafin a sa sauran ƙananan kuɗaɗen tasha. Wannan VAT ɗin kana iya cire shi a lissafinka na wata, amma sai in takardun kwastam da sunan kamfaninka suka fito. Masu haɗa kaya a kwantena ɗaya da sunan ejan, ko ta Apapa ko ta tashar tsandauri ta Dala, su kula da wannan sosai. Masu sarrafa lemon kwalba mai zaƙi kuma akwai harajin masana'anta, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta sa a kan naira 10 kowace lita, shi ma kwastam ke karɓa.

Sauran da ake mantawa

Yarjejeniyar hayar shago ko sito, takardar sayen fili, takardar rance, duk suna buƙatar harajin kan sarki. In kamfani na cikin yarjejeniyar, hukumar tarayya ake biya. In tsakanin mutane ne kawai, ta jiha. Kada ka raina shi, don takardar da ba a buga wa hatimi ba tana iya ba ka kunya a gaban alƙali ranar da rigima ta tashi. Naira 50 ɗin da banki ke cirewa a kan turin naira 10,000 zuwa sama ita ma daga wannan gidan take.

Ta fuskar albashi, dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wannan haƙƙin bayin Allah ne da suka yi maka wahala, kuma riƙe shi zalunci ne tun kafin a zo maganar doka. Akwai kashi 1 na albashi da ake biyan NSITF don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, da kashi 1 na albashin shekara ga asusun horaswa na ITF ga kamfanoni masu ma'aikata 25 zuwa sama.

Jiha na karɓar kuɗin rajistar wurin sana'a da sabuntawa duk shekara, ƙaramar hukuma na karɓar na shago da na allon talla. Duk wanda ya zo maka da buƙata, ka nemi takardar neman biya mai hatimin hukuma, ka biya ta banki cikin asusun gwamnati, ka karɓi rasit. Dokar 1998 mai jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, don haka ka sanar da direbobinka. Takardun nan duka, na VAT da na kwastam da na albashi da na jiha, a jera su wata-wata a fayil, a kuma ɗauki hotonsu a ajiye a kwamfuta, domin doka ta ce a riƙe su aƙalla shekara shida, rasit ɗin na'urar POS kuwa ba ya shekara rubutunsa bai goge ba.