Sabon zuwa Ingila, ka leƙa bikin abincin ƙauye

'Yan Kaduna da kuka sauka Ingila kwanan nan, masu karatu da masu aikin asibiti, na san yadda abin yake, daga ɗaki sai wurin aiki sai shagon 'yan Pakistan a sayo kaza a dawo. Don Allah ran da aka samu hutu a fita ƙauye, musamman in ana bikin abinci, don a can ne za ka ga Bature da lokacin hira, ba irin na Landan mai gudu kamar an biyo shi ba.

Bukukuwan suna bin kaka ne. A watan Mayu garin Alresford kusa da Winchester suna bikin wani ganye ɗan'uwan lansir da suke nomawa cikin ruwa. A Satumba akwai na Ludlow, an faro shi a 1995, ana yinsa a cikin tsohuwar fadar garin, shi kam ya girma yanzu. Sai Ranar Tuffa, 21 ga Oktoba, wadda aka faro a 1990, ƙauyuka da yawa na yin tasu a ƙarshen makon da ya fi kusa.

Mota ita ce matsalar farko. Bas ɗin ƙauye ba ya jiran kowa, ran Lahadi wani wurin ma babu shi kwata-kwata, kuma ba keke ba acaɓa, don haka ka duba lokacin bas na ƙarshe tun kana gida. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi ko da kana da kati, sabis na yankewa a gona. Takalmin da ba ka jin tausayinsa za ka sa, in an yi ruwa filin caɓi ne zalla.

Sai maganar ci, nan ne ake buƙatar nutsuwa. Inda ka hango dogon layi da hayaƙi, sau da yawa alade ne ake gasawa guda, wuce abinka ba sai ka yamutsa fuska ba. Ruwan tuffa kala biyu ne, akwai matsattse na nan take mai daɗi, akwai kuma saida, ita giya ce ko da kwalbar ta yi kama da lemo. Fanken nama wani da kitsen alade ake kwaɓa fulawarsa, kifi wani da giya ake haɗa ƙullinsa, kek ma akan zuba wa barasa. Dokarsu ta tilasta a bayyana abubuwa 14 masu tayar wa mutane rashin lafiya irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade da giya ba sa ciki, kenan sai ka buɗe baki ka tambaya. Galibi mai rumfar shi ya dafa da hannunsa, zai faɗa maka gaskiya, har ya ƙara da labarin gonarsa. Zuma, cuku, burodi, tuffa, dankali gasasshe, waɗannan kaɗai sun ishe ka.

Ɗanɗano kyauta ne, a ɗauki ɗaya a yi godiya. Banda taya, nan ba Kasuwar Bacci ba ce, kuɗin da ke rubuce shi ne, sai dai gab da tashi wasu da kansu suke ragewa. Za a kalle ka, ƙila ku biyu ne baƙar fata a filin gaba ɗaya, yawanci dai son sani ne. Masallaci kuwa kar ka sa rai, ka taho da alwalarka da 'yar darduma, ka tambayi masu shirya bikin, galibi suna sanye da riga mai ƙyalli, su nuna maka gefen da ba karnuka.