Yadda ake jera tumatirin sarrafawa ba tare da nauyi ya matse shi ba

Tumatirin da ake nomawa domin a mayar da shi na gwangwani ko a shanya shi ya zama kauɗa, irin su Roma da UC82, ya fi tumatirin miya mai ruwa jure wahala, domin fatarsa tana da kauri, namansa cike yake, ruwan cikinsa kuma kaɗan ne. Wannan juriya ce take yaudarar manoma da yawa a Jiratawa da bakin Gulbin Maradi, har su riƙa ɗaukarsa tamkar albasa. Alhali idan nauyi ya danne shi, fatar takan tsira lafiya amma naman da ke ƙarƙashinta ya murƙushe, sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi laushi, ruɓa ta kama daga nan.

Aikin yana farawa ne tun daga gona. A tsinke shi da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, ko da yamma, domin tumatirin da rana ta dafa ya fi saurin lotsewa, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40. A cire ɗan karan da ke kansa, saboda shi ne yake huda na kusa da shi idan an danna. Wanda ya nuna sosai a ware shi daban, tun da nuna ita ce take sassauta naman, kuma wanda ya fara ja kawai zai ɗauki nauyin da jajur ba zai iya ba.

Babban abin lura shi ne zurfin tari. Duk tumatirin da ke ƙasa yana ɗauke da nauyin waɗanda ke bisansa, saboda haka dogon kwandon da ake cikawa har ya yi tozo, a ɗaure bakinsa da igiya, a kuma ɗora wani a kansa, shi ne ya fi kowane abu jawo asara. Akwatin roba mai cin kilo 20 zuwa 25 ya fi, domin ba shi da zurfi, iska tana ratsa shi, kuma idan an jera su gefen akwatin ne yake ɗaukar nauyin na sama. Sharaɗin kawai shi ne kada a cika shi ya wuce baki. Wanda ba shi da halin akwati, ya zaɓi kwando mai faɗi marar zurfi, ya shimfiɗa takarda ko busasshiyar ciyawa a ciki don tsinin saƙa kada ya yanki fata.

Tafiya kuma tana ninka matsin. Girgizar amalanke ko kamiyo a kan hanya mai ramuka takan sa tarin ya zauna, na ƙasa su ƙara matsewa, don haka a ɗaure kaya sosai, a rufe da abin da zai tare rana amma ya bar iska, kada kuma ƴan dako su zauna a bisa ko su jefa kwando wajen saukewa.

Mai son sanin ko jerinsa ya yi daidai, ya ɗebi biyar daga ƙasan kwando washegari, ya yanka su biyu da wuƙa. Idan naman gefe ya yi ruwa-ruwa, tarin ya yi zurfi, sai a rage shi a lodi na gaba.