Shawara ga mai zuwa Luksor

'Yan'uwa, duk wanda Allah ya kai shi Luksor a Masar, ya yi sammako ya tsallaka kogin Nilu zuwa Kwarin Sarakuna, inda aka binne fir'aunonin dā, tun rana ba ta take ba, don lokacin zafi yakan haura digiri 40. Tikitin shiga na kaburbura uku ne kawai, ku zaɓi masu zane a bango. Na Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922, kuɗinsa daban, kuma ƙarami ne. Gawarsa na ciki, amma kayan zinarensa an kwashe su tuni.

Karnak kuwa, wato tsohon babban wurin bautar nan na Luksor, ku bar shi sai la'asar. Manyan ginshiƙai 134 na babban zaurensa sun fi kyau idan rana ta sassauto. Ku riƙe ruwa da hula, don Allah.