Yadda za ku kai kakanni cin masar Bauchi

Da farko, ku bar Kano bayan sallar asuba ta hanyar Ningi. A riƙa tsayawa duk bayan awa 2, tsofaffi su miƙe ƙafa, su kama ruwa.

Da kun isa, ku nemi mai masar da ke suya a gabanku. Mai zafi daga tanda ake so, domin wadda ta huce takan yi tauri. A fara zuba wa Kaka guda 2 ko 3 da miyar taushe, yaji a gefe, saboda mai gyambon ciki ba ya jure shi. In akwai mai ciwon suga, a tambaya ko an sa sukari a ƙullun, yawanci ana sawa.

Wajen tsaraba ku sayo musu dambun nama, kilishi yana wahalar da haƙoransu.