Yadda Nake Shirya Gidan Kallo a Ranar da Super Eagles Za Su Buga

Makon jiya wani matashi daga Rigasa ya same ni a gidan kallona da ke Tudun Wada. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, na kama rumfa, na sayi talabijin biyu da janareta, me ya rage mini?" Na jawo masa benci na ce ya zauna, don abin da ya rage ya fi abin da ya saya yawa. Abin da na gaya masa ranar shi nake rubutawa a nan, saboda na san masu irin niyyarsa suna da yawa a garin nan.

Wasan kulob daban, wasan ƙasa daban. Ranar Asabar in Arsenal da Chelsea sun haɗu, gidan rabuwa yake yi biyu, wanda aka ci ya sha tsiya, wanda ya ci ya yi ta cika baki, a watse lafiya. Ranar da Najeriya ke fili kuwa kowa gefe ɗaya yake. Ɗan Madrid da ɗan Barcelona benci ɗaya, zuciya ɗaya. Za ka ga fuskokin da ba ka taɓa gani ba: tela ya rufe shago, mai adaidaita sahu ya ajiye kekensa a bakin layi, dattijon da rabonsa da kallon ƙwallo tun zamanin Rashidi Yekini ya zo da sandarsa. Kuma kada ka manta a Kaduna kake. Garin da ya haifi Yekini da Daniel Amokachi da Tijani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro ba garin da za ka koya wa mutanensa ƙwallo ba ne. Sun san abin da suke kallo, kuma in an ci mu, babu abokin hamayyar da za su huce a kansa, sai kai da kayanka.

Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne lokaci, agogonmu na nan ba na ƙasar da ake buga wasan ba. A gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, agogon Abidjan yana bayan namu da awa ɗaya. Wasan ƙarshe da aka sa ƙarfe takwas na dare a can, ƙarfe tara ne a Kaduna. Ka duba a wuri biyu ko uku, sannan ka ɗauki alli ka rubuta a allon bakin ƙofa tun da safe, da manyan baƙaƙe, tare da kuɗin shiga. Kuɗin da ka rubuta da safe shi za ka karɓa da dare. Akwai masu ƙara kuɗi in sun ga layi ya yi tsawo, ni ban yarda da wannan ba. Mutumin da ya yi wata tara yana zuwa kallon wasannin Ingila a wurinka, ranar ƙasa ba ranar da za ka tsawwala masa ba ce.

Sai mai. A nan sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Suna lissafin minti 90 su sayi man da zai kai su nan. Wasan rukuni ne kawai ke tsayawa a nan, shi ma sai ka haɗa da hutun rabin lokaci na minti 15 da mintunan da alƙalin wasa ke ƙarawa. Da zarar an shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, in aka tashi kunnen doki sai an ƙara minti 30, in ba a rabu ba a je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ka haɗa da rabin awar da za ka kunna kafin a take wasa don mutane su ga jerin 'yan wasa da taken ƙasa, za ka ga awa uku da rabi kake magana. Ni man awa huɗu nake tanada. Na san tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan magana tana da nauyi a aljihu, amma man da ya rage gobe ma naka ne.

Ka cika tanki tun la'asar, ka duba baƙin mai, ka goge fulogi, ka tayar da injin ya yi minti goma ka saurari ƙararsa. Ko da akwai wuta, ni a kan janareta nake fara babban wasa. Dalili kuwa, in aka ɗauke wuta ana tsaka da wasa, kafin ka ruga ka ja igiya, dikoda ta sake tashi ta kamo tasha, minti biyu zuwa uku sun tafi, kuma ƙwallo ba ta jiran kowa. Ya taɓa faruwa da ni a 2013, daren wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka da Burkina Faso a Johannesburg. Wuta ta tafi, muna cikin duhu ina fama da igiyar inji sai muka ji unguwa ta ɗauki ihu. Sunday Mba ne ya ci, ƙwallo ɗaya tilo da ta ba mu kofi na uku, bayan na 1980 da na 1994. Mutanena a maimaici suka gan ta. Babu wanda ya zage ni, amma har yau in na tuna shirun da ya biyo bayan dawowar hoton, raina ɓaci yake yi. Tun daga ranar ban sake dogara da wutar layi a daren ƙasa ba.

Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon inda ba mutane. Hayaƙinsa yana kisa, kuma ba ya sallama. Kada ka ƙara masa mai yana aiki, komai matsin da ake maka. In dole ce, ka jira hutun rabin lokaci, ka kashe, ka ba shi ɗan lokaci ya huce.

Maganar waya ina so ka ji ta da kunnen basira. A watan Afrilun 2017 a Kalaba, babbar wayar lantarki ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallo ana kallon Manchester United, mutane suka rasa rayukansu. Yawancin rumfunanmu na kwano ne, ginshiƙan ma wasu na ƙarfe. Ka ɗaga kai ka duba abin da ya ratsa saman rufinka kafin ka biya kuɗin haya. A ciki kuma kada ka bar waya tsirara, kada ka jona talabijin da fanka da cajin wayoyin mutane ashirin a soket ɗaya. Ka nemi mai gyaran wuta na gaske ya yi maka aikin sau ɗaya. Ƙofa kuma biyu, kuma duk biyun a buɗe suke ko a sakaye kawai, ban da kwaɗo. Na san dalilin da ya sa ake kulle ta baya, don yara masu satar shiga. Ka sa mutum ya tsaya a wurin, ya fi.

Kuɗin dikoda ka biya kwana biyu kafin ranar, kada ka bari sai ana saura awa ɗaya intanet ya riƙe maka kuɗi. Ka tabbatar tashar da za ta nuna wasan tana cikin tsarin da ka biya. In damina ce, kamar yadda gasar cin kofin duniya takan faɗo a watan Yuni da Yuli, hadari yana haɗowa hoton tauraron ɗan'adam zai fara tsinkewa, don haka ina ajiye eriya ta gida a jone da talabijin ɗaya, in wata tashar gida tana nunawa sai a juya. In hunturu ne, ƙura ce abokiyar faɗanka. Ka goge gilashin talabijin, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin mutane su shigo. Wani abu kuma: duk talabijin ɗin da ke cikin rumfar su sha daga dikoda ɗaya. In ka haɗa biyu daban, ɗaya zai riga ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, na gaba su yi ihun ci na baya suna kallon ƙwallo a tsakiyar fili. Haka masu sauraron rediyo a kunne ko masu bin sakamako a waya, ina roƙonsu tun farko su riƙe bakinsu.

Bencina a Fanteka aka yi mini su, na gaba gajeru, na baya dogaye, da hanya a tsakiya wadda mutum zai bi ya fita ba tare da ya taka kowa ba. Layin gefe kusa da ƙofa na dattawa ne. In Baba ya shigo, ni da kaina nake cewa, "Baba, bismillah, ga wuri nan," kuma yaron da ke zaune ya san zai tashi. Wannan ba ladabi ne kawai ba, akwai dalilin lafiya a ciki, kuma daren 7 ga Fabrairun 2024 ne ya ƙara tabbatar mini.

Wasan kusa da na ƙarshe ne da Afirka ta Kudu a Bouaké, an take ƙarfe shida na yamma agogonmu. Magariba ta faɗo ana dab da tafiya hutu, don haka tun kafin a fara na shimfiɗa tabarmi a waje, na cika butoci, na sanar cewa ana busa hutun rabin lokaci za a ta da sallah, kuma kowa wurinsa na nan yana jiransa. Abokanmu Kirista da muke kallo tare su suka tsare wa mutane bencinsu. Aka dawo, William Troost-Ekong ya ci fenareti. Ana saura 'yan mintuna Victor Osimhen ya jefa ta biyu, rumfa ta kusa tashi sama, wasu har sun fita titi da gudu. Sai alƙalin wasa ya nufi na'urar VAR, wadda ake sake duba hoton wasa da ita. Ya soke ƙwallon, ya koma can baya ya ba Afirka ta Kudu fenareti, Teboho Mokoena ya farke. Daga biyu da nema muka koma ɗaya da ɗaya a cikin minti kaɗan. Wani dattijo da ke layin ƙofa ya dafe ƙirji, gumi yana keto masa. Da yake a bakin ƙofa yake, nan take muka fitar da shi iska, muka ba shi ruwa, na sa ɗansa ya kai shi asibiti a keke. Allah ya sa ya tashi. Wasan sai da ya kai bugun daga kai sai mai tsaron gida, bai ga mai tsaron gidanmu Stanley Nwabali ya tare biyu ba, bai ga Kelechi Iheanacho ya buga ta ƙarshe muka ci 4 da 2 ba, amma yana nan da ransa. Washegari jaridu suka ba da labarin mutanen da suka yanke jiki suka faɗi a wasu garuruwa suna kallon wasan nan, ba su tashi ba. Don haka ka ajiye jakar ruwan leda, ka san mai keke ɗaya da zai tsaya maka har a tashi, ka kuma san masu hawan jini cikin mutanenka. In an zo bugun fenareti ina zuwa kusa da su in ce, "Alhaji, ko za ka ɗan sha iska a waje, in an gama in zo in gaya maka?" Wasu sukan yarda.

Tun da VAR ta shigo, ina gaya wa yara su jira a mayar da ƙwallo tsakiya kafin su fara jifa da benci.

Ka san dokar gasar kafin ranar, don kai za a tambaya. Ranar 29 ga Maris 2022, washegarin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, garin ma ba ya cikin hayyacinsa, muka buga da Ghana a Abuja neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya a Qatar. An yi canjaras babu ci a Kumasi, a Abuja aka tashi ɗaya da ɗaya. Da aka busa tashi, rabin rumfata suna zaune suna jiran ƙarin lokaci, ba su san ƙwallon da Thomas Partey ya ci a gidanmu ta riga ta fitar da mu ba, saboda dokar cin waje, wadda ke fifita wanda ya ci ƙwallo a gidan abokin karawarsa in an yi kunnen doki. Da na rubuta wannan a allo tun da safe, da gardamar da ta biyo baya ba ta yi zafi haka ba. Akwai kuma wani tela ɗan Ghana da ya daɗe yana kallo a wurina. Tun kafin a tashi na matsa kusa da shi na zauna, na kuma raka shi har bakin layinsu. Baƙon da ƙasarsa ke buga da tamu amana ne a hannunka, ko ɗan Nijar ne, ko ɗan Kamaru.

Caca ba na barin ta a cikin rumfata, kowace iri ce. Yawancin faɗan da na raba a shekarun nan, in ka bi sawunsa, kuɗi ne wani ya sa. Yara ƙanana kuma in wasan dare ne sai da babba. Kafin kowace gasa nakan je in gaida mai unguwa in sanar da shi ranakun da za mu kai dare, in kuma yi magana da 'yan sintirin layinmu. Mai shayi da mai tsire da ke bakin ƙofa su ma a gaya musu, su ƙaro kaya.

In an ci wasa aikinka mai sauƙi ne, ka dai hana masu babur wasan ganganci a bakin rumfa. In an sha kashi ne ake gane mai gidan kallo. Daren 11 ga Fabrairun 2024 Troost-Ekong ya fara ci mana da ka, Franck Kessié ya farke, Sébastien Haller ya ƙara ana saura minti tara, Kwaddibuwa ta ɗauki kofi a gidanta. Ana busa tashi na rage murya, amma ban kashe talabijin ba, ban kuma kashe fitila ba. Kada ka jefa mutanen da ransu ya ɓaci cikin duhu, kada kuma ka kore su. Na buɗe ƙofofin biyu, na tsaya a bakin ta gaba ina cewa, "Sai haƙuri, Allah ya kai mu wata." Wasu sun yi kusan rabin awa a zaune ba su ce uffan ba, na bar su. Sai da na ƙarshe ya fita na zare dikoda da talabijin daga soket, sannan na kashe janareta, na jira ya huce kafin in shigar da shi in sa kwaɗo.